Yadda Ake Gano Abin da Ke Rage Gani Tun Kafin Ido Ya Tafi

Idan mutum ya ce ganinsa ya ragu, alama ya faɗa, bai faɗi cuta ba tukuna. Dattijon da yana ta rufe wa ido, da telan da ya daina ganin kafar allura, da mai ciwon suga wanda jini ya tsiyaya a bayan idonsa, da wanda hawan jinin ido, wato hauhawar ƙarfin ruwan cikin ido, ke cinye wa jijiya a ɓoye, duk da magana ɗaya suke zuwa asibiti, wato suna gani dishi-dishi. Amma makomarsu ba ɗaya ba ce. Na farko aikin da bai kai awa ɗaya ba zai iya dawo masa da gani, na biyu tabarau kawai yake buƙata, na uku yana iya samun sauƙi idan an tari abin da wuri, shi kuwa na huɗu abin da ya riga ya rasa ya tafi ke nan, iyakar abin da likita zai yi shi ne ya tsare masa ragowar.

Binciken da aka gudanar a duk faɗin Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya nuna cewa kashi 4.2 cikin 100 na masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, kuma abin ya fi tsanani a Arewa maso Gabas. Yana ce ta jawo kusan kashi 43 cikin 100 na wannan makanta, hawan jinin ido ya biyo baya da kusan kashi 17, sannan kashi 84 cikin 100 na makantar gaba ɗaya irin wadda ake iya hanawa ko magancewa ce. Ashe ke nan mafi yawan waɗanda ake ja da sanda sun makance ne saboda ba a gano cutarsu a kan lokaci ba, ko an gano amma ba a yi aikin ba.

Labarin ciwon shi ne gwaji na farko

Kafin a taɓa kowace na'ura, sai a tsaya a tantance yadda abin ya faro. Tambaya mafi muhimmanci ita ce: ganin ya ɗauke ne farat ɗaya, ko kuwa a hankali ya riƙa raguwa cikin watanni da shekaru? Wanda ganinsa ya ɗauke cikin mintuna ko awoyi, ko da babu ciwo ko kaɗan, bai kamata ya kwana a gida ba, domin hakan na nuna toshewar jijiyar jini a cikin ido, ko zubar jini, ko ɓantarewar retina, wato siririyar shimfiɗar nan ta bayan ido da ke karɓar haske. Ita ɓantarewar retina takan yi gargaɗi: mutum ya riƙa ganin walƙiya a gefen ido, ko baƙaƙen ɗigogi masu yawa su bayyana masa rana ɗaya, daga baya duhu ya fara saukowa daga gefe guda. Haka kuma idon da ya yi ja, yana ciwo mai tsanani har da ciwon kai da amai, mai shi yana ganin zobba masu launi kewaye da fitila, wannan ma na gaggawa ne, domin ruwan cikin idon ne ya toshe nan take, kuma jinkirin kwana ɗaya ko biyu na iya kashe jijiyar gani.

Raguwar da ke zuwa a hankali ba tare da ciwo ba ita ce ta fi yawa, kuma a nan ake buƙatar lura. Mai yana yakan ce yana gani kamar cikin hazo, hasken rana ko fitilar mota da dare na kashe masa ido, launuka kuma sun dushe. Wanda ke buƙatar tabarau yakan ga nesa da kyau amma kusa ya gagare shi, ko akasin haka, kuma daga shekara 40 kusan kowa yakan fara nesanta takarda ko waya daga fuskarsa kafin ya iya karantawa, wanda wannan girma ne, ba cuta ba. Wanda ke ganin abin da ke gabansa sarai amma yana tuntuɓe, yana karo da ƙofa, ko abin hawa ya ɓullo masa ta gefe bai gan shi ba, sai a zargi hawan jinin ido. Wanda kuwa ke gani da rana amma da zarar magariba ta yi sai ya koma lalube, dundumi ke nan, kuma ga yara yawanci ƙarancin sinadarin bitamin A ne, ga manya kuma yana iya zama cutar retina da ake gado.

Sai a tuna da sauran jiki. Ciwon suga, da hawan jini, da sikila duk suna lalata ƙananan jijiyoyin jinin retina. Haka ma wasu magunguna, musamman maganin ɗigawa mai sinadarin sitiroyid, wanda mutane ke saya a kemis ba da takardar likita ba saboda yana kwantar da ƙaiƙayi da ja nan da nan, alhali ɗigawarsa na tsawon lokaci tana hawar da ruwan ido kuma tana kawo yana. Ɗaya daga cikin magungunan tarin fuka, etambutol, shi ma yana iya taɓa jijiyar gani, don haka mai shan sa da ya ga ganinsa ya sauya ya sanar da likitansa ba tare da jinkiri ba.

Abin da za a iya gwadawa a gida

Kowane ido a gwada shi shi kaɗai, domin mutane da yawa sun daɗe da rasa ido ɗaya ba su sani ba, ɗayan yana rufa masa asiri. A samu wuri mai haske, mutum ya rufe ido ɗaya da tafin hannu ba tare da ya danna ba, wani ya tsaya nesa da shi da mita 6, wato kamar taku takwas na babban mutum, ya ɗaga yatsu ya ce a ƙirga. Idan ya kasa, a matso zuwa mita 3. Idon da ba ya iya ƙirga yatsu a mita 3 ya kai matakin da likitoci ke lissafa shi a makaho, ko da yana ganin haske da gilmawar mutane.

Daga nan sai a ɗauki kwali a huda shi da allura, mutum ya leƙa ta wannan 'yar ƙaramar kafa ya sake duban abin da ya gagare shi. Idan ganin ya washe, mafi yawan lokaci matsalar ta tabarau ce. Idan bai sauya ba, akwai wani abu a cikin idon da tabarau ba zai gyara ba. Wannan gwaji bai ci ko kwabo ba, kuma shi ne dai ake yi a asibiti da wani ɗan faifai mai huji.

Sai a haska idon da tocila daga gefe. Farin tabo a saman baƙin ido, wanda ake gani a fili, hakiya ce, kuma takan biyo bayan gyambo, ko rauni, ko ƙyanda, ko wani abu da aka zuba a idon da sunan magani. Fari ko toka-toka a can cikin ɗigon da ke tsakiyar ido kuwa ya fi kama da yana. A duba fatar ido kuma: idan gashin ido ya juya ciki yana gogar ƙwayar ido, to amosanin ido ne ya yi nisa, cutar da ƙuda da hannu da tsumma ke yaɗawa a wuraren da ruwa ya yi ƙaranci, kuma akwai ƙaramin aikin da ke mayar da gashin waje kafin ya kankare idon. Tsige gashin da hantsaki sauƙin 'yan kwanaki ne kawai, domin yana sake tsirowa.

Ga yara, farin da ke haskawa a tsakiyar idon jariri, ko da a hoto kawai aka lura da shi, yana iya zama yanar haihuwa ko kansar ido, kuma duka biyun ba sa jira. Jaririn da idonsa ke zubar da mugunya cikin watan farko, da yaro mai ƙyanda da ya ƙi buɗe ido, da wanda ido ɗaya ya karkace, duk a kai su asibiti, domin idon da bai koyi gani ba kafin shekara 7 ko 8 da wuya ya koya daga baya.

Abin da gwajin gida ba zai nuna ba

Duk waɗannan gwaje-gwaje mutum zai iya cinye su alhali hawan jinin ido ya riga ya ci rabin jijiyarsa, kuma a ganina wannan ita ce babbar matsalar. A cikin ido akwai wani ruwa da ake samarwa kullum yana fita ta wata siririyar magudana, to idan magudanar ta cushe sai ruwan ya taru ya riƙa danne jijiyar gani a hankali. Ba ciwo, ba ja, ba hawaye, kuma ganin gefe ne ke fara tafiya, na tsakiya sai a ƙarshe, shi ya sa mai cutar ke karanta Alƙur'ani ko jarida lafiya lau har sai abin ya kusa ƙarewa. Awon jinin da ake yi a dantse ba ya nuna shi, don haka wanda aka ce jininsa daidai yake bai tsira ba. Wancan binciken na Najeriya ya gano cewa kusan mutum 5 cikin 100 na masu shekara 40 zuwa sama suna da cutar, fiye da 9 cikin 10 daga cikinsu ba su san suna da ita ba, kuma 1 cikin 5 ya riga ya makance. Cutar ta fi kama baƙar fata da wuri, tana kuma bin dangi, saboda haka wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa ko ɗan'uwansa ya makance idonsa a buɗe garau, ba tare da an ga fari a ciki ba, ya je a auna shi ko da yana jin ganinsa ƙalau ne.

A asibiti

Mai zuwa asibitin ido ya tafi da tsohon tabaransa, da kwalaben duk abin da yake ɗigawa, da magungunan da yake sha, ya kuma samu mai rakiya. Manyan wurare irin su Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, da asibitin ido na ECWA a Kano wanda ke aiki tun 1943, da sassan ido na asibitocin koyarwa, suna da kayan aikin da ake buƙata. Mai sayar da tabarau a bakin kasuwa zai iya ba mutum gilashin da zai yi karatu da shi, amma ba shi da abin leƙa bayan ido.

Za a fara da allon haruffa a nisan mita 6, wanda bai iya karatun boko ba kuma akwai allo mai harafin E da ke fuskantar ɓangarori daban-daban, sai ya nuna da hannu. Idan an rubuta 6/6, gani cikakke ne. 6/60 kuwa na nufin abin da mai lafiyar ido ke gani a mita 60 shi sai a mita 6 yake ganinsa. Daga nan likita zai duba gaban idon da na'ura mai siririn haske da ke girmama abu, a nan ake tabbatar da yana ko hakiya ko gyambo. Sai awon ƙarfin ruwan ido, wanda ake yi bayan an ɗiga maganin kashe zafi ko kuma da na'ura mai hura iska, kuma ga yawancin mutane lambar kan tsaya tsakanin 10 da 21. Sai dai lamba ita kaɗai ba ta yanke hukunci, domin akwai masu cutar da lambarsu ba ta wuce 21 ba, shi ya sa dole a leƙa jijiyar kanta, a kuma yi gwajin faɗin gani, inda mutum zai kafa ido wuri guda yana danna maɓalli duk lokacin da ɗan haske ya ƙyafta a gefe.

Don a ga retina sosai ana ɗiga maganin da ke buɗe tsakiyar ido, a jira kamar minti 20 zuwa 30. Bayan haka gani yakan dushe na 'yan awoyi, haske kuma ya riƙa damun mutum, wannan ne dalilin mai rakiya, kuma kada a tuƙa mota ko babur a wannan lokaci. Mai ciwon suga ya nemi a yi masa wannan duba tun ranar da aka gano ciwon idan da girmansa ya same shi, sannan sau ɗaya kowace shekara.

Idan an ce yana ce, ba sai an jira ta rufe idon ruf ba, kuma babu maganin ɗigawa ko na sha da ke narkar da ita. A asibiti ana cire madubin cikin idon da ya dushe a sa na roba a gurbinsa. Masu yawo ƙauyuka suna tura yanar cikin ido da tsinke ko allura kuwa, haske na ɗan lokaci suke bayarwa, daga baya kumburi ko hawan ruwan ido ya biyo, kuma a wancan bincike fiye da kashi 40 cikin 100 na idanun da aka taɓa saboda yana ta wannan hanya aka taɓa su, mafi yawansu kuma ba su tashi da ganin kirki ba.

Kafin a bar gaban likita, a roƙe shi ya rubuta sunan cutar, da lambar gani, da lambar ƙarfin ruwan kowane ido, a adana takardar, domin da ita za a kwatanta a zuwa na gaba a san ko cutar ta tsaya ko tana ci gaba. A tambaye shi kuma ko ganin zai dawo ko tsare ragowar za a yi, da kuma ko maganin na 'yan makonni ne ko na har abada, domin masu hawan jinin ido da yawa sukan daina ɗigawa idan kwalba ta ƙare ganin ba su ji wani sauyi ba, alhali aikin maganin shi ne ya hana ƙarin lalacewa. Idan kuwa hawan jinin ido aka samu, a sanar da 'ya'ya da 'yan'uwa na ciki ɗaya, musamman waɗanda suka kai shekara 40, su ma su je a auna su.