Kurakuran da aka fi yi wajen barin PowerShell ya kula da Windows da kansa

PowerShell, manhajar da ake rubuta wa Windows umarni da ita, ya fito ne a watan Nuwamban 2006, kuma tun daga Windows 7 yake zuwa a cikin tsarin kwamfutar. Ƙorafin da aka fi ji daga masu kula da kwamfutocin ofis shi ne: "Idan na kunna rubutun umarnin da hannu yana aiki, amma da na bar wa Task Scheduler sai ya ƙi." Task Scheduler shi ne ɓangaren Windows da ke kunna aiki da kansa a lokacin da aka tsara. Yawanci ba umarnin ne ya lalace ba. Yanayin da ake kunna shi ne ya sauya, kuma ba wanda ke zaune a gaban allo ya ga jan rubutu.

Babban kuskure shi ne barin matsala ta wuce shiru. Da yawa daga umarnin PowerShell idan suka gaza sai su fitar da jan rubutu kawai su wuce layi na gaba, ko da an sa su cikin try da catch, wato tsarin da ke kama kuskure idan ya faru. A ɗauka layi na farko yana kwafe fayiloli zuwa sabar da Copy-Item, na biyu yana goge na asali. Idan kwafin ya gaza, gogewar za ta gudana, a wayi gari ba nan ba can. Maganin shi ne a rubuta $ErrorActionPreference = 'Stop' a layin farko, ko a ƙara -ErrorAction Stop a kan umarnin da ke da haɗari. Wannan bai shafi manhajojin waje irin su robocopy ba. Su sai an duba $LASTEXITCODE, wato lambar da manhajar ke bari idan ta gama. A nan ma akwai tarko: a wajen robocopy lamba 1 na nufin an kwafe lafiya, sai daga 8 zuwa sama ne aka gaza. Wanda ya ɗauki duk abin da ba 0 ba a matsayin gazawa zai yi ta samun ƙararrawar ƙarya. A ƙarshen catch a sa exit 1, domin Task Scheduler ya nuna cewa aikin bai yi ba.

Sai mazubin da ba komai a cikinsa, wato sunan da ke farawa da $ wanda ake ajiye bayani a ciki. Layi irin Remove-Item "$tushe\*" -Recurse -Force yana da kyau a ido, amma idan an yi kuskuren harafi ɗaya a sunan $tushe, adireshin zai koma "\*", wato tushen faifan da ake kai gaba ɗaya. Set-StrictMode -Version Latest yana hana layin gudana idan aka kira mazubin da ba a taɓa ƙirƙira ba. Bai kama wanda aka ƙirƙira amma ya zo fanko, don haka a haɗa adireshi da Join-Path, wanda ke ƙin karɓar fanko. Kafin a saki duk wani umarnin gogewa a gwada shi da -WhatIf, a karanta jerin abin da zai taɓa layi-layi. Minti biyar ne, kuma bai kamata a tsallake shi ba.

Task Scheduler yana fara aiki ne daga C:\Windows\System32 idan ba a cike gurbin foldar farawa ba, shi ya sa adireshi irin .\rahoto.csv ke ɓata. A yi amfani da $PSScriptRoot, wanda ke nuna foldar da rubutun yake. Haka kuma harafin faifan sadarwa irin Z: na zaman wanda ya haɗa shi ne, asusun SYSTEM, wato asusun Windows na kansa, ba ya ganinsa. A rubuta cikakken adireshi, kamar \\sabar\ajiya, a tabbatar asusun da ke gudanar da aikin yana da izini a can.

Akwai wani saiti da ke cin mutane a inda wuta ba ta zama. A shafin Conditions, sabon aiki yana zuwa ne da sharaɗin kada ya fara sai kwamfuta na jone da wuta, kuma ya tsaya idan ta koma batir. A laftof, da zarar an ɗauke wuta aikin ajiyar dare ya tsaya ke nan. A cire alamar biyun, sannan a shafin Settings a zaɓi gudanar da aikin da aka rasa da zarar kwamfuta ta tashi.

Haruffa masu ƙugiya ma suna shan wahala. A sigar 5.1, wadda ke cikin Windows 10 da 11, Export-Csv yana rubutawa ne da ASCII, sai Ɗanladi ya koma ?anladi, kuma harafin ba ya dawowa daga wannan fayil. A ƙara -Encoding UTF8. Idan a cikin rubutun umarnin kansa akwai ƙ, ɗ ko ɓ, a adana shi da UTF-8 mai alamar BOM, wato alamar farkon fayil da ke nuna tsarin haruffansa, in ba haka ba 5.1 zai karanta shi a gurɓace. PowerShell 7 ya warware wannan, sai dai shi daban ake saka shi, kuma sunansa pwsh.exe. Aikin da ke kiran powershell.exe yana nan a kan 5.1 ko da an saka 7. Mai ƙaura zuwa 7 ya sauya Get-WmiObject da Get-CimInstance, domin an cire na farkon.

Kalmar sirri kuwa kada a rubuta ta a fili cikin rubutu. Get-Credential tare da Export-Clixml yana kulle ta, amma asusun da ya kulle ne kaɗai zai iya buɗewa, a kan kwamfutar da aka kulle. Saboda haka a ƙirƙiri fayil ɗin da asusun da zai gudanar da aikin. Don adana bayanin abin da rubutun ya yi, a sa Start-Transcript a farko da Stop-Transcript a ƙarshe, da kwanan wata a sunan fayil ɗin, domin da safe a ga abin da ya gudana da ƙarfe 2 na dare.