Yadda za ki cire farcen roba a gida ba tare da kin ɓata naki ba

Tun da na fara yi wa amare lalle a nan Gombe, babu lokacin biki da zai wuce ban ga yarinya ta miƙo min hannu da farata fari-fat, sun yi laushi kamar takarda ba. Labarin kusan ɗaya ne: ta sa farcen roba ranar kamu tana fashin salla, tsarki ya zo mata da daddare, ta san cewa alwala da wanka ba sa inganta idan wani abu ya hana ruwa taɓa farce, sai ta sa haƙori ko reza ta ɓanɓare su kafin asuba. Farcen mutum hawa-hawa yake, kuma gam ɗin ya fi waɗannan hawa ƙarfi, saboda haka duk abin da kika fizge da ƙarfi yana tafiya ne da saman farcenki na gaskiya. Ranar da za ki sa farcen roba, a ranar ya kamata ki sayi abin cire shi.

Abin cirewar shi ne asiton, wani ruwa mai narkar da gam da robar farcen, wanda ake rubutawa acetone a jikin kwalba. Ki duba jikin kwalba da kyau idan kin shiga shagunan kayan kwalliya na Babbar Kasuwa, domin akwai ruwan goge jan farce wanda babu asiton a cikinsa, kuma wannan ba ya narkar da farcen roba yadda ake so, sai ɓata kuɗi. Ki haɗa da auduga, da basilin, da magogin farce, da takardar alminiyam irin wadda ake naɗe kifi da ita, da ɗan tsinken katako mai faɗin baki. Asiton yana kama wuta cikin gaggawa, don haka ki zauna a tsakar gida ko kusa da taga, nesa da murhun gawayi da tukunyar gas da maganin sauro na kunnawa. Kada ki zuba shi a kwanon roba, domin yana cin wasu robobin. Ƙaramin kwanon tangaran ya fi.

Ki fara da rage tsawon farcen da abin yankan ƙumba har ya kusa daidai da naki, sannan ki goge samansa har ƙyallin ya tafi. Wannan ƙyallin shi ne yake hana asiton ratsawa, kuma masu tsallake wannan mataki su ne suke cewa sun jiƙa na awa guda bai yi komai ba. Ki shafa basilin a fatar da ta kewaye kowane farce, amma kada ya hau kan farcen.

Daga nan ki jiƙa ɗan gutsuren auduga da asiton sosai, ki ɗora a kan farce, ki naɗe yatsan da takardar alminiyam yadda iska ba za ta shiga ba. Hannu ɗaya za ki fara yi, domin kina buƙatar ɗayan. Irin farcen da ake mannawa da gam kawai yakan saki cikin minti 10 zuwa 15, amma wanda ake kwaɓa hoda a gina shi a kan farce yana iya cin minti 20 zuwa 30. Ki sa agogon waya, kuma kada ki riƙa buɗewa kina leƙawa, domin asiton yana bin iska ya bushe nan take.

A nan ne na ga mafi yawan mata sun yi ɓarna, ni ma a nan na yi tawa lokacin da nake koyo. Idan kin kwance yatsa ɗaya za ki ga robar ta yi laushi ta yi danƙo. Ki tura abin da ya yi laushin da tsinken katako daga gindin farce zuwa bakinsa, a kwance, da sauƙin hannu. Da zarar kin ji tsinken ya tsaya, to ki tsaya ke ma, ki sake jiƙa auduga ki mayar da naɗin na minti 5 ko 10. Sau biyu ko uku ana yin haka, kuma ba alamar kin yi kuskure ba ce. Abin da yake yaudarar mutum shi ne ganin gefe ɗaya ya ɗaga, sai zuciya ta ce saura kaɗan, a sa cokali ko zare a ƙarƙashi a ɗaga sauran. Wannan saura kaɗan ɗin ne yake jawo wata huɗu zuwa shida na jira, domin farcen hannu kimanin milimita 3 kawai yake tsirowa a wata, kuma wurin da ya saɓule ba ya warkewa sai dai ya tsiro ya fita. Idan kin jiƙa sau uku robar ba ta ko motsa ba, wataƙila irin mai taurin nan ce da asiton ba ya narkarwa, sai ki koma wurin wadda ta sa miki ta goge shi.

Bayan an gama ki goge ragowar gam sama-sama, ki wanke hannu da sabulu, ki shafa man kaɗe ko man zaitun har cikin gefen farce. Ni man kaɗe na fi yarda da shi, balle a lokacin hunturu. Ki bar faratan gajeru, kada ki yanke siririyar fatar gindin farce domin ita ce take tare ƙwayoyin cuta, ki sa safar hannu wajen wanki, ki kuma huta na 'yan makonni kafin ki sake manna wani. Jan lalle na ganye ya isa ado a tsakanin nan, kuma ba ya hana alwala.

Idan kika tarar da kore-kore a kan farcen, ƙwayar cuta ce da ta samu danshi a ƙarƙashin robar da ta ɗaga, kada ki rufe ta da wani farcen. Kumburi da zogi da mugunya irin na ɗan karkare kuwa, musamman ga mai ciwon suga, aikin likita ne. Ki je asibitin da ya fi kusa da ke ko Asibitin Koyarwa na Tarayya, kada ki huda da allura a gida.