Abin da Uba Zai Bincika Kafin Ya Miƙa Ɗansa Wurin Sana'a

Da zarar an yi hutun makaranta a Bauchi, za ka ga iyaye suna kama hannun yaransu zuwa gareji, ko shagon walda, ko wurin injin niƙa, ko kuma wajen masu kaya a Kasuwar Muda Lawal, su ce wa mai wurin, "Malam, ga amana nan." Al'ada ce mai kyau, domin zaman banza ba ya haifar da ɗa mai ido, amma amana ba ta cika sai mai bayarwa ya san inda ya ajiye ta.

Abu na farko shi ne shekarun yaron, saboda a kansu Dokar Ƙwadago ta Najeriya ta gina kusan dukkan sharuɗɗanta. Yaron da bai kai shekara 12 ba, ba a ɗaukarsa aiki, sai dai ɗan aiki mara nauyi na gida ko na gona a hannun danginsa. Wanda bai kai 15 ba, ba ya aiki a masana'anta. Wanda kuma bai kai 16 ba, dokar ta hana a sa shi aikin inji, ko aikin ƙarƙashin ƙasa irin na haƙar ma'adinai, ko aiki a ranar hutun gwamnati, kuma ba za a tsayar da shi fiye da awa 4 a jere ba, ko fiye da awa 8 a yini. Aikin dare ma an hana shi ga wanda bai cika 18 ba, in ban da wasu 'yan masana'antu da aka keɓe wa waɗanda suka haura 16. Saboda haka idan ɗanka yana da shekara 14 kuma aka ce shi zai riƙa ɗura hatsi a bakin inji, to tun daga nan maganar ta saɓa wa doka, ko da mai injin ƙaninka ne.

Bayan haka, kada ka wadatu da gaisuwar bakin ƙofa. Ka je wurin da kanka a lokacin da aiki ya kankama, ka zauna kamar rabin awa kana kallo. A wurin niƙa, ka dubi bel ɗin da ke juya injin: yana da murfi ko a buɗe yake? Yaro mai doguwar riga da ya sunkuya zai kwashi gari, bakin rigarsa kawai bel zai kama, kuma kafin a kai hannu a kashe injin aikin gama ya gama. A gareji, ka lura ko ana shiga ƙarƙashin mota alhali jek kaɗai ke riƙe da ita ba tare da an tokare ta ba. A shagon walda, ka tambaya ko yaran da ke riƙe wa oga ƙarfe su ma suna da gilashin kare ido, domin sau da yawa mai walda ya rufe fuskarsa, yaron da ke gefensa kuwa ido tsirara, sai tsakar dare ya farka yana hawaye kamar an watsa masa yashi. Ka kuma dubi ƙafafunsu. Silifas ba takalmin wurin ƙusa da tartsatsi ba ne.

Idan wurin ya kwanta maka, sai a zauna a rubuta yarjejeniya, ko da kunya za ta so ta hana. Doka ta ba uba ko mai riƙo damar sa yaro mai shekara tsakanin 12 da 16 koyon sana'a da yardar shi yaron, na tsawon da bai wuce shekara 5 ba, kuma a rubuce, da sa hannun jami'in ƙwadago. A takardar a bayyana lokacin zuwa da na tashi, da kuɗin abinci, da lokacin makaranta da Islamiyya, da wanda zai biya kuɗin magani idan an ji rauni. Wannan na ƙarshe shi ne aka fi tsallakewa, kuma shi ne ke raba zumunci daga baya.

Ka ja wa yaron kunne a gaban ubangidansa cewa idan ya yanke ko ya ƙone ya faɗa nan take. Ƙuna ana sa ta a ƙarƙashin ruwa mai sanyi kamar minti 20, ba a shafa mata baƙin mai ko man birki kamar yadda aka saba a gareji, yankan tsohon ƙarfe kuwa yana bukatar a wanke shi a kai yaron asibiti domin allurar tetanus.

Idan daga baya ka ga abin da bai yi maka ba, kana da ikon janye ɗanka da bai kai 16 ba ta hanyar sanar da ubangidan, ko da baki ko a rubuce, kuma ba shi da hurumin ci gaba da riƙe shi, sai dai wannan ikon bai shafi yaron da ke ƙarƙashin rubutacciyar yarjejeniyar da jami'in ƙwadago ya amince da ita ba. Idan ya ƙi, ko aka samu rauni ya noƙe, sai ka kai ƙara ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke Bauchi, ka tafi da takardar yarjejeniya da ta asibiti.