Babi na 6: Idan Amfilifaya Mai Bluetooth Tana Tsuwwa Ko Tana Cin Batir

A babin baya mun haɗa fanel huɗu: na caji mai lamba TP4056, na ɗaga wuta mai lamba MT3608, na Bluetooth, da na amfilifaya mai lamba PAM8403. Batirinmu shi ne 18650, dogon nan mai kama da gaɓar rake. Yanzu wasunku sun kunna sun ji tsuwwa, wasu kuma da an ƙara murya sai akwatin amfilifayar ya ɗauke. Kada ranku ya ɓaci. Kusan duk wanda ya haɗa ta farko sai da ya ji wannan ƙarar. Galibi fanel ɗin lafiyarsa ƙalau, wutar da yake samu ce ba ta kai ba, ko kuma ba ta da tsafta.

Darasi na 1: Auna batir

Ɗauki mita, na'urar auna wuta. Baƙar waya ta shiga ramin da aka rubuta COM. Jar waya ta shiga ramin da ke da harafin V. Murɗa maɓallin tsakiya zuwa lamba 20, a ɓangaren V mai miƙaƙƙen layi a gefensa. V mai lanƙwasasshen layi na wutar gida ne, ba namu ba.

Ɗora jan tsinke a kan batir, inda alamar + take. Ɗora baƙin a gindinsa, inda alamar − take. Karanta abin da ya fito.

Idan ka ga bolt 4.2, batir ya cika. Idan ka ga 3.7, yana tsaka-tsaki. Idan ya sauko 3.0, a kai shi caji. Idan ɗan gajeren layi ya fito a gaban lambar, ka juya tsinken ne, mayar da ja wurin +.

To, a nan ne aka fi yin tuntuɓe. Batirin da ba a sa shi aiki ba, ƙarya yake yi. Tsohon batir zai nuna maka 4.1 yana zaune, da ka ɗora masa kaya sai ya faɗi warwas. Saboda haka sai ka auna shi kiɗa na tashi. Kunna akwatin, sa waƙa ko karatu, ƙara murya sosai, sannan ka ɗora tsinken a B+ da B− na fanel ɗin caji. Ido a kan mita. Batir mai lafiya zai ɗan sauka kaɗan ya tsaya. Wanda ya gaji, duk sanda ganga ta buga sai lambar ta zube zuwa 3.2 ko ƙasa da haka, muryar ta dakushe, Bluetooth ya yanke ya sake kamawa.

Dalili shi ne, idan sifika biyu masu om 4 suna aiki da ƙarfinsu, fanel ɗin ɗaga wuta yana jan kusan amfiya 2 daga batir ɗaya tilo. Batirin da aka ciro daga tsohuwar kwamfuta ba lallai ya iya ba.

Mu sake. Ja a +, baƙi a −, kiɗa na tashi. Idan hannunka na rawa, ba komai, sa wani ya riƙe maka mitar. Abin kiyayewa ɗaya: kada bakin tsinken biyu su taɓa juna suna kan batir, zai yi tartsatsi.

Sai wurin na biyu. Auna inda wuta ke fita daga MT3608, wato VOUT+ da VOUT−. Dole ka ga 5.0. PAM8403 ba ya ɗaukar fiye da bolt 5.5, shi kuwa fanel ɗin ɗaga wuta yana iya kaiwa 28. Cire wayar amfilifaya tukuna, ka murɗa ƙaramar ƙusar da ke kan ɗan shuɗin akwatin nan na jikin fanel ɗin ɗaga wuta, kana kallon mita. Wani lokaci sai ka yi murɗi goma ko fiye zuwa hagu kafin lambar ta motsa. Ka yi haƙuri da shi. Sai ta tsaya a 5.0 za ka mayar da wayar, ka kuma sake aunawa kiɗa na tashi.

Darasi na 2: Tsuwwa

Saurari ƙarar da kyau. Siririyar tsuwwa mai kama da kukan sauro, wadda take canja salo idan wayar salula ta kama Bluetooth, daga fanel ɗin Bluetooth take. Yana zuƙar wuta ne a guntu-guntu da sauri, kuma shi da amfilifaya wayar GND, wato baƙar wayar −, ɗaya suke sha, ga kuma wata GND ta wajen sauti. Dattin sai ya bi ta nan ya shiga, amfilifaya ta ƙara masa ƙarfi kamar waƙa.

Ga yadda za ka tabbatar. Cire wayoyin wuta biyu na Bluetooth, ka ba shi wuta daga fawa bank daban, wayoyin sauti ka bar su yadda suke. Idan tsuwwa ta ɓace, ka kama ɓarawon.

Fara da magani mai sauƙi. Gajarta wayoyin sauti, L (hagu) da R (dama) da GND, kada su wuce tsawon yatsa, ka tufka su tare kamar igiya, ka nesanta su da fanel ɗin ɗaga wuta. Kowane fanel ya ja baƙar wayarsa kai tsaye daga VOUT−, kada wani ya ɗana a bayan wani. Sannan ka sa kwandensa, wato abin da ke tara wuta yana tace ta, mai 1000µF, bolt 10 ko 16, a bakin wutar amfilifaya, da ƙarama mai lamba 104 a gefenta. Babbar tana da fuska: doguwar ƙafa a +, gefen da ke da zane a −. Mai 104 ba ta da fuska.

Na faɗa a aji, ina kuma faɗa a rubuce: wanda ya juya babbar kwandensa, za ta kumbura ta fashe masa a fuska. Kuma har yanzu akwai masu zuwa da akwati suna cewa fanel ya lalace, a tambaye su nawa batir ya nuna, sai su kama sosa ƙeya. Haba jama'a! Mita ba ado ba ce. Ba a taɓa dalma sai an auna, kuma kiɗa na tashi.

Idan tsuwwa ta ƙi tafiya, nemi B0505S, ɗan ƙaramin abin da ke raba wutar Bluetooth da ta amfilifaya, wurin masu sayar da kayan gyaran rediyo. Ƙafa huɗu gare shi. Ta 1 da ta 2 suna karɓar bolt 5, ta 3 da ta 4 suna bai wa Bluetooth wuta tasa daban. Duba zanen ƙafafun kafin ka liƙa.

Wani kuskuren: kada ka haɗa wayar − ta sifikar hagu da ta dama, kada kuma ka kai su GND. A PAM8403 kowace sifika da wayoyinta biyu.

Darasi na 3: Caji

Jar fitila a TP4056 na nufin yana caji, shuɗiya ya cika. Kashe akwatin yayin caji, in ba haka ba fitilar na iya ƙin canjawa. Gurnanin da ke zuwa sai an sa caja, laifin cajar ne, canja ta. Batirin 18650 da aka rubuta wa 9900mAh, wato yawan cajin da yake ɗauka, jabu ne, na gaske ba ya wuce wajen 3500. Wanda ya yi zafi, ya kumbura, ko rigarsa ta yage, a cire shi. Kada a bar akwatin a rana.

Darasi na 4: Makunni

Idan batir na ƙarewa akwati a kashe, makunnin yana wurin da bai dace ba. Sa shi tsakanin OUT+ na fanel ɗin caji da VIN+ na fanel ɗin ɗaga wuta.

Aikin gida: auna batirinka sau biyu, a kashe da kuma kiɗa na tashi. Rubuta lambobin biyu a littafinka, ka zo da su.