Yadda za ka gano inda ruwan lagireto ke zuba

A Makka da Jidda, inda zafin bazara kan haura digiri 40, mota mai yoyon ruwa ba ta kai ka hawan dutsen Hada zuwa Ɗa'if lafiya.

Da farko bari inji ya huce sarai. Kada ka kuskura ka buɗe murfin lagireto da zafi, ruwan zai feso maka a fuska.

Da dare shimfiɗa kwali a ƙarƙashin inji, da safe ka duba. Ɗigo kore, ja ko ruwan hoda mai ƙanshin zaƙi-zaƙi, ruwan lagireto ne. Fari tas marar wari ta gefen fasinja kuwa na esi ne, rabu da shi.

Sai ka ɗaga bonet da tocila a hannu. Matsa tiyon lagireto na sama da na ƙasa: wanda ya kumbura ko ya tsattsage ya gama aiki. Duba bakin kilif, wato ƙarfen da ke ɗaure tiyo, da inda robar lagireto ta haɗu da alminiyon. Farin busasshen tabo a wurin shi ke tona asiri. Leƙa ƙarƙashin famfon ruwa, akwai 'yar kafa da ke ɗiga idan ya mutu. Robar murfin ma a duba ta, don mutane kan manta da ita alhali ita ce mafi araha.

In waje a bushe yake amma ruwa na raguwa, taɓa kafet ɗin gaba, in ya jiƙe wataƙila hitar motar ce ke yoyo. Sannan zaro ma'aunin baƙin mai. Man ya koma kalar shayi da madara, ko salansa na fitar da farin hayaƙi? Gasket ɗin kan inji ne ake zargi. Kashe motar, ka kai ta sina'iyya, wato unguwar masu gyaran mota, makanike ya gwada ta da famfon matsa iska.