Yadda za ka tare maganar ƙiyayya a grup da bes tun tana ƙarama

'Yan uwa na Nima, Mamobi har Aboabo, musamman ku admin na grup ɗin WhatsApp da masu zaman bes ana shan ataya, da ku nake.

Da farko ka riƙa kasa kunne ga yadda ake ambaton mutane. In ka ji an bar "wane ya yi ɓarna a gona" an koma "ai Fulani duk haka suke", tsai da maganar nan take, ka tambaya wane Bafulatani, a ina, wa ya gani da idonsa? Sau da yawa sai ka ji tsit. In kuwa har an fara kiran wata ƙabila ƙwari ko annoba, to wallahi abin ya yi nisa, don kuwa haka aka yi a Ruwanda, rediyon RTLM ya yi ta kiran 'yan ƙabilar Tutsi kyankyasai yana tsorata 'yan ƙabilar Hutu wai in ba ku riga su ba su za su gama da ku, ga katin shaida tun zamanin Turawan Beljiyam mai ɗauke da ƙabilar mutum, da Afrilun 1994 ya zo sai shinge a kan hanya ana duba kati, rediyo na karanto sunaye da inda mutane suka ɓuya, cikin kwana 100 aka hallaka wajen mutum 800,000, da yawa da adda, maƙwabci ya sare maƙwabcinsa. Sojojinmu na Ghana ƙarƙashin Janar Anyidoho suna can cikin dakarun kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya, ba su janye ba, sun gani da idonsu.

Odiyo ko bidiyo mai cewa "suna shirin afka mana, tura wa kowa", kada ka tura. Goge shi daga grup, sannan ka kira wanda ya sa shi ku biyu kawai, don in ka kunyata shi gaban jama'a taurin kai zai ƙara. Ka ce ɗan uwa, ina ka samo wannan? In dattijo ne ka bi ta wajen limaminku ko wani sa'ansa.

Wanda ya ce ai Ghana lafiya lau, tuna masa cewa a 1994 ɗin nan faɗan Konkomba da Nanumba daga cinikin zabo ya tashi a wata kasuwa kusa da Bimbilla, alhali gabar ƙasa da sarauta ce ta daɗe tana cin zukata. Mu 'yan zango ma ai mun ɗanɗana, a 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda sati biyu su bar ƙasar, tambayi kakarka yadda aka riƙa kallon duk mai jin Hausa a lokacin. Shi ya sa nake jin zafi in na ji ɗan zango na yi wa wasu irin wannan kuɗin goro.

In magana ta kai ga ambaton sunan mutum, nuna gidansa ko shagonsa, ko a ce "ku fito", ta wuce nasiha. Ɗauki sikirinshot kafin a goge, kai wa sarkin zango da 'yan sanda a ranar, in da hali har ofishin Majalisar Zaman Lafiya ta Ƙasa na yankinku, kuma ka sanar da wanda aka ambata ya yi hattara.