Kafin ka sayi faifan kiɗan fim, duba jerin abin da ke ciki

'Yan uwa, ga shawarata ga mai son sayen faifan kiɗan fim, irin wanda ake yi da goge-goge da ƙahoni ba waƙa: ko ka saya ko kada ka saya, ya danganta da kunnenka da kuma abin da za ka saurara da shi.

Na taɓa sayen na Titanic, wanda James Horner ya tsara a 1997, ina zaton waƙoƙi ne cike. Ashe waƙa ɗaya ce tak, ta Celine Dion, can kusa da ƙarshe. Sauran duk kiɗa ne zalla. Kiɗan rawar nan ta 'yan Ayalan a ƙasan jirgi ma babu shi, sai a faifai na biyu da ya fito a 1998. Shi ya sa nake cewa a karanta jerin kiɗe-kiɗen tukuna, a kuma ɗan saurara a YouTube kafin a fitar da kuɗi.

Sai batun na'ura. Irin wannan kiɗa yakan yi ƙasa-ƙasa kamar raɗa, sannan ya tashi gaba ɗaya. A lasifikar waya rabinsa ɓacewa yake yi, balle in janareton maƙwabci na ruri. Ni dai sai da na sa abin kunne mai kyau bayan sallar isha'i na ji sarewar da ke ƙarƙashin gogen.

In kana karatu ko aikin dare da shi, saye ba asara. In tuna fim kawai kake so, sayi kiɗa biyu ko uku da suka kama ka.